Taken Mutum Biyu

Ban taɓa kiran sunan maigidana da bakina ba, kuma ba yau zan fara a takarda ba. A ƙauyenmu ma, can gefen hanyar da ta tashi daga Funtua zuwa Malumfashi, ba sai an kira sunan ba, ganga ce ke kiransa. Duk saurayin da ya isa a noma yana da takensa, kiɗan da makaɗi ke yi masa ranar gayya, in ya ji ya san da shi ake. To shi maigidana taken nasa na tarayya ne. Yana da amini, wani dogo mai yawan dariya, tun suna kiwon awaki suke tare. Makaɗin garinmu ya yi musu take ɗaya mai rabi biyu. In ya kaɗa rabin farko, maigidana ya zabura ya kama kunya. In ya kaɗa na biyu, aminin ya amsa ya kama ta hagunsa. Haka za su yi ta huɗa kafaɗa da kafaɗa, ƙasa na tashi, har su fita bakin gona su bar sauran samari a baya.

A wurin gayya na fara ganinsa, na kai fura. Bayan an yi aure na sha gaya masa cewa da dogon nan ya kamata a ɗaura masa, ba da ni ba, don tuwona ma rabi a cikin dogon yake ƙarewa. Sai ya yi dariya ya ce in ƙara gari.

Shekarar da abin ya faru, an fita daga shekarun fari, auduga ta yi kyau har mutane suka fara maganar rufin kwano. Maigidana da amininsa suka ɗaure tasu, suka loda a babbar mota tare da ta jama'a, suka hau can saman kaya za su kai kasuwar auduga. A wata gada motar ta kife. Maigidana ta watsar da shi gefe, ko ƙashi bai karye ba. Aminin kuwa kaya suka danne shi, hannunsa kaɗai ke waje. Waɗanda suka je wurin sun ce maigidana ya riƙe hannun nan yana ta yi masa magana, mutane na fama da ɗaga kaya, har hannun ya yi sanyi. Da aka ciro gawar sai da aka ɓamɓare yatsun maigidana daga hannun.

Ya dawo gida da ƙafarsa, amma bakinsa bai dawo ba. Yana salla, yana cin abin da aka ajiye masa in ya ga dama, sauran yinin yana zaure ya yi tagumi. A gaishe shi ya ɗaga kai, shi ke nan.

Akwai abin da ake yi a wurinmu in mai take ya rasu. Bayan sadakar arba'in makaɗi zai je gonar mamacin, ya kaɗa taken sau ɗaya har ƙarshe, dattawa su yi addu'a, a ce an rufe. Daga ranar ba a sake kaɗa shi, ko da wasa. Da yake wannan na mutum biyu ne, sai dattawa suka ce rabin mamaci kaɗai aka rufe, na mai rai yana nan. Maigidana bai je ba. Yana zaure kiɗan ya iso mu daga nesa, na ga ya toshe kunnuwansa da hannu biyu.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, garmarsa na jingine tana tsatsa. Babu abin da ba mu yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti, likita ya duba ya ce jikinsa lafiya lau. Lafiya lau! Na ce wa likitan to ya zo ya zauna da shi yini ɗaya ya gani. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya san ni. Na lallashe shi, na yi kuka a gabansa, na yi masa faɗa har maƙwabta suka leƙo. Wata rana na wurga masa ludayi, don dai ya zage ni in ji muryarsa. Ya sunkuya ya ɗauko ludayin ya miƙo mini. Ranar na shiga ɗaki na ci kuka har kaina ya yi ciwo.

Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake riƙe gidan, ga yara ƙanana. Gona kuwa sai abin da dangi suka taimaka suka shuka, ciyawa ta cinye rabi. Ana cikin haka yayana ya zo daga Dandume, ya zaunar da ni ya ce haƙuri ya isa. In damina mai zuwa ta faɗi mutumin nan bai ɗauki garma ba, zai zo ya tafi da ni da yara, a je gaban alƙali a raba. Na san yayana, ba ya magana biyu. Ni kuma, duk da faɗan da nake yi, ba na son barin mutumin nan. Abin da nake roƙon Allah ke nan dare da rana, ya ɗauki garma kafin ruwa ya sauka.

Akwai wata Bayarabiya mai sayar da kwanoni a kasuwar Funtua da ke sayen man gyaɗa a wurina. Ita ta ga na rame ta matsa mini da tambaya, na gaya mata. Sai ta ce in je wurin 'yarta. 'Yar a Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa, ta yi karatun zane a Zariya ta dawo tana koyarwa. Kowa Malama yake ce mata. Ta roƙi wani tsohon siton auduga da ke bayan shagon mahaifinta, ta sa aka shafa masa farar ƙasa, ta mai da shi wurin da mutane ke kira ɗakin zane. Wai masu ciwon zuciya kan je can su sami sauƙi.

Na ce haba Mama, mutumin da rubutu bai tayar ba, gawayi ne zai tashe shi? Amma wanda ya rasa dabara ba ya zaɓe. Ranar kasuwa na ja shi muka tafi. A ƙasa muka je, don tun ranar gadar nan ko jin ƙarar babbar mota ya yi sai gumi ya karyo masa, balle a ce ya hau.

Ɗakin yana nan a idona har yau. Dogo ne, rufin kwano, har lokacin da ɗan warin angurya. A bango ta rataye ƙore masu zane, da fayafai, da zannuwan saƙi na kakanninmu, da tsofaffin garemani da fartanyu da ta bi ƙauyuka ta roƙo. Tsakaninsu kuma ga takardu manya-manya da mutane suka yi zane a kai. Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin basasa, shi kogi kawai yake zanawa, kullum kogi. Wata mata da ƙyanda ta kwashe wa 'ya'ya tana zaune a lungu tana saƙa fayafai ƙanana da ko bakin kofi ba za su rufe ba. Da yamma 'yan mata su zo su yi gaɗa a tsakar ɗakin, wani lokaci masu zanen su ajiye gawayi su yi ta kallo.

Malama ba ta tambaye shi komai ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye takarda da gawayi, ta ce, "Malam, in ka ga dama." Ta tafi sha'aninta. Ranar bai taɓa ba. Kasuwa ta zagayo muka koma, ya ɗauka. Layi biyu ya ja, dogaye, kusa da juna. Ya sake jan wasu biyu, ya sake, har takardar ta cika. Malama ta dube ni, na ce mata kunyoyi ne, tasa da ta amininsa, na ba ta labarin taken. Ta liƙa takardar a bango kusa da kogin sojan.

Haka muka yi ta zuwa duk rani. Wata rana ina zaune ina ta tunanin yayana, sai na ga ya tashi ya nufi bango, ya sauke wata garma. Ya jijjiga ƙotar, ya ji tana rawa. Ya fita waje ya samo ɗan icce ya fere, ya cusa, ya buga da dutse har ta kama, sannan ya mayar ya rataye. Rabon da hannunsa ya taɓa garma tun kafin gadar. Na bi Malama bayan ɗakin na riƙe hannunta ina dariya ina hawaye, ita ma haka.

Daga nan maganar taro ta taso. Dama Malama tana shirin kiran jama'a kafin ruwa ya sauka, su zo su ga zane-zanen, a yi gaɗa, samarin ƙauye su yi rawar garma irin ta gayya. Ta tambaye ni ko zai yiwu a kaɗa masa takensa. Ta ce ita ba ta san ƙa'idar abin ba, in tambayi masu shi. Na je wurin makaɗin garinmu, lokacin ya fara tsufa. Da farko ya ƙi, ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na ce Baba, ai rabin mamaci aka rufe, na mai rai fa? Na gaya masa maganar yayana. Daga ƙarshe ya ce zai kaɗa rabin farko kawai. In an zo wurin na biyu zai ɗaga gula, sandar kiɗan, ya bar kazagi, 'yar ƙaramar gangar nan mai rakiya, ta riƙe kiɗan har a zagayo. Dattawa suka ce hakan daidai ne. Kowa ya yarda, kowa da kyakkyawar niyya.

Ranar taron bayan la'asar ɗakin ya cika har waje. Malaman makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa, mata 'yan kasuwa, Yarabawa da Inyamurai da namu, ga 'yan ƙauyenmu sun tsaya daga baya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Aka yi gaɗa, samari suka yi rawarsu, kowa aka kaɗa masa nasa. Maigidana na zaune kan tabarmarsa, garmar da ya gyara na gabansa, Malama ce ta sauke ta ajiye masa.

Sai tsoho ya juya ganga ya kaɗa rabin farko.

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Aka ɗaga gula, kazagi ta yi ta tafiya ita kaɗai, sannan rabin farko ya dawo. Ya miƙa hannu ya kama ƙota. Da aka sake zagayowa sai ga shi tsaye. Jama'a, mutumin nan ya yi rawa! Ya duƙa ya sara iska, ya ja da baya, ya juya garmar sama da kansa kamar yadda yake yi a da. In an zo wurin da aka bari babu ganga, sai ya tsaya, ya dubi hagunsa, ya sunkuyar da kai. Ya san babu kowa a wurin. Na ga ya sani, na ga abin na cin sa, amma da kiɗansa ya dawo sai ya ci gaba. Na ce a raina, ya Allah, ka bar mana shi haka, ya sani kuma ya ci gaba, ni ya ishe ni.

Tsohon makaɗi ma ya gani. Gumi na zuba, hawaye na bin gemunsa, ya matso kusa yana ƙara wa kiɗan wuta. Hannun nan ya shekara da shekaru yana kaɗa rabi biyun a haɗe, bai taɓa raba su ba sai yau. Da kiɗa ya yi zafi, aka zo wurin ɗaga gula, hannu bai tsaya ba. Ya wuce kai tsaye cikin rabin mamaci, ya kaɗa shi tas har ƙarshe.

Mutanen gari ba su san komai ba. Suka ji kiɗa ya cika, suka ɗauki tafi, wata ta rangaɗa guɗa. 'Yan ƙauyenmu kuwa salati suka yi. Tsoho ya farga, gula ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ni maigidana nake kallo. Ya juya hagu, fuskarsa ta buɗe, bakinsa har kunne, irin dariyar da na yi shekaru ban gani ba. Ya ɗaga murya, muryar da na wurga ludayi don in ji, ya ce:

"Kai, sai yanzu ka ga damar zuwa?"

Malama ta ruga ta rungume ni tana cewa ya yi magana, ya yi magana. Na kasa gaya mata da wa yake maganar.

A hanyar komawa bakinsa bai rufe ba. Irin da za a shuka, gefen da za a sa dawa, gefen da za a sa auduga. Ya ce dogon ya riga mu gaba, dama shi da sauri. Babbar mota ta wuce mu, ko waiwayawa bai yi ba. Gadar da hannun da komai sun goge daga kansa kamar an wanke allo.

Ruwa ya sauka, ya ɗauki garma ya fita. Yayana ya zo kamar yadda ya ce, ya tarar da shi a zaure yana wasa garma yana ba da labari, ya yi hamdala, ya ce in yafe masa, ya hau kekensa ya koma. Abin da na roƙa ke nan, an ba ni. Sai da na kai masa fura gona na ga yadda aka ba ni shi. Ya huɗa kunya ɗaya, ya tsallake ta hagu, ya huɗa ta gaba, ya tsallake. Gona guda, rabi a huɗe rabi a bari. Na tambaye shi, ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce ai waɗancan na mutumin ne, yana tafe.

Na yi shiru kwana da kwanaki ko zai farga. Ina! Rannan raina ya ɓaci, na tsaya a gabansa na gaya masa tas. Na ce ya rasu, mota ta danne shi, kai ka riƙe hannunsa, an rufe takensa kana zaune a zauren nan. Ya dube ni, dariyar ta zube daga fuskarsa. Ya ajiye garma ya koma zaure. Wannan karon har abinci ya daina taɓawa. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya, idanunsa suka faɗa, ina kallo mutum na ƙarewa. Ga ruwa na ta zuba, ga ciyawa ta taso a kunyoyin da ya bari, ga yara.

Don hatsi na fita, ba don wata dabara ba. Bayan la'asar na ɗauki garmarsa na bi ta bayan gida na tafi gona. Garma ba fartanya ba ce, ba a yi ta don mace ba. Kafin in fitar da kunya ɗaya tafin hannuna ya sale, bayana kamar zai tsinke. Na yi abin da na iya. Washegari na koma, jibi ma haka. Wani maƙwabci da bai san komai ba ya leƙo zaure ya ce masa sannu da aiki, ya ga ana cike gurabe. Sai ya tashi zaune. Ya dafa bango ya fita, na bi shi a baya. Ya tsaya bakin gona yana kallon kunyoyina, karkatattu, ƙanana. Ya juyo yana murmushi.

"Ban gaya miki ba? Ya zo."

Ranar ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Ni kuma na gane abin da na shiga. In na daina, ya mutu. In na faɗi gaskiya, ya mutu. Shi da safe, ni da yamma, haka gonar ta zauna.

Malama ta zo har ƙauye da ta ji. Ta zauna a ɗakina ta yi kuka, ta ce a dawo da shi ɗakin zane a sake farawa. Na kai shi. Ya dubi takardunsa a bango ya ce wane ne ya ɓata takarda haka, ya ce shi yana da aiki a gona. Ba ta da laifi, na gaya mata, har yau kuma ina yi mata addu'a. Sojan nan na ji an ce ya samu sauƙi, ya kama gadi. Mai fayafai ma ta sake aure. Mu ne dai abin bai karɓa ba. Bayan wasu shekaru aka mai da Malama wani gari, ɗakin ya koma siton masara. Tsohon makaɗi kuwa ya rataye gangarsa bai sake taɓawa ba har ya rasu. In ya hango ni sai ya sake hanya. Na so in ce masa na yafe, amma gaskiya a lokacin ban yafe ba.

Garin kowa ya san abin da nake yi, babu wanda ya gaya masa. Wasu matan suna tausayi, wasu suna ce mini sarkin noma in na wuce, na kuwa ba su amsa daidai da su. Na yi huɗa da ciki, na yi da goyo. Hannuna ya yi kanta har 'yata ƙarama ta ce in daina shafa mata mai, ina karce ta. Da yaran suka tasa suka ce za su karɓe ni, muka gwada. Ya duba ya ce wannan ba huɗar mutumin ba ce, wani ya shigar masa gona, ya ƙi cin abinci. Ashe a hankali huɗata ce ta zama ta dogon a idonsa. Dole na koma.

Da dare ya zauna ya yi ta yabon dogon. Mutumin kirki, ba ya son a gan shi yana taimako, shi ya sa yake zuwa in an tashi. Ni kuwa in ya ga na kwanta tun da wuri sai ya ce mata dai da son jiki, me na yi da zan gaji? In cije leɓe in juya. Ban san sau nawa maganar ta zo bakina na haɗiye ba.

Wata damina, can wajen ƙarshen shekarun, zazzaɓi ya kama ni, kunyoyin suka fito a rame fiye da kullum. Ya dawo daga gona da azahar ransa a jagule. Ya zauna, har na tsorata ko ya gane. Sai ya kira ni a hankali.

"Uwar yara, mutumin nan ya gaji. Na ga huɗarsa. Yana wahala saboda mu, ba wanda ke ce masa sannu. Ki dama fura mai kyau, ki sa nono da yawa, ki kai masa. Ki ce na ce sannu."

Na ce to. Na dama, na sa nono da yawa kamar yadda ya ce, na rufe da faifai na ɗauka. Duk shekarun nan ita ce sannun da ta taɓa fitowa daga bakinsa a kan aikin, ita ma ba ni aka aiko wa ba. Na isa gona, babu kowa sai kurciyoyi. Na zauna kan kunyar hagu na shanye furar, na kife ƙwarya, na ɗauki garma.